Gwaggo Hansatu da Ramar Yallaɓai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin dama koko da safen nan aka bugo daga Durun: Gwaggo Hansatu ta rasu.

Ƙanwar mahaifin maigidana Yallaɓai ce. Tun ɗazu nake kuka, amma duk abin da na tuno nata sai dariya ta ƙwace mini.

Kun san ni da karatun littafi. Ba mu daɗe da tarewa a Gwarzo ba Yallaɓai ya fara ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan zagayawa banɗaki. A littattafaina kuwa in namiji ya rame, so ne ya kama shi. Sai na ji daɗi a raina, na ƙara masa zuma a kunun aya.

Da Gwaggo ta zo mana kwana biyu na raɗa mata. Ta dube ni, ta dube shi yana sake cika kofi.

"'Yar nan, na yi aure tun ba a haifi babarki ba, ban taɓa ganin son da ke sa fitsari ba."

Ita ma ta daɗe da ciwon suga, ta san alamunsa. Amma Yallaɓai ya ce lafiyarsa ƙalau, shi da asibiti sai dubiya.

Ba ta ja da shi ba. Washegari da sassafe ta yafa mayafi ta ce ya kai ta asibiti a babur, kada ma ya tsaya karyawa, sauri take. Wa ya isa ya ce wa gwaggonsa a'a? Ashe gwajin da take so a yi masa, sai mutum bai ci komai ba. Ana gama nata ta kamo hannunsa ta miƙa wa nas: "Ga ɗana, a tsira masa allurar shi ma."

Sugansa ya hau sosai. Na shige ɗaki ina kuka, har na fara hango kaina cikin takaba.

Ta biyo ni. "Tashi, ba a littafi kike ba."

A bakin gado ta yi mini bayani. Abincin da muke ci yakan zama suga a jini, wani sinadari kuma mai suna insulin shi ke shigar da shi cikin jiki ya zama ƙarfi. In ya gaza, sai sugan ya taru a jini, mutum yana ci yana ramewa. "Ba a rabuwa da shi, amma ana zama lafiya da shi. Ba ga ni ba?"

Ita ta koya mini rage malmalar tuwo da ƙara miyar ganye, da kwaɗon zogale. Lemon kwalba, an yi ban kwana. Ta ce in riƙa duba ƙafarsa ko ƙaya ce ta soke shi, in sa masa dabino a aljihu saboda in suga ya faɗi jiri ya kama shi.

Magani ne kawai ya zame mana rigima. Da ya ji ƙarfi sai ya ajiye, sai na yi ta bin sa da kofin ruwa.

Ganinmu na ƙarshe a wani suna ne a Durun. Ta tsare shi a zaure: "Kai, yarinyar nan matarka ce ko nas ɗinka? Ranar da ka sha da kanka ka bugo mini in yi guɗa."

Yau yana jin rasuwar ya ɗauki makullin babur ya fice. Sai ga shi ya dawo. Ya zauna ya karya, ya ɓalle maganinsa ya sha, ba tare da na tuna masa ba. Ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya sa ta a aljihu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hansatu, ya yafe mata, ya sa Aljanna ce makomarta. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya haɗa da Yallaɓai, Allah ya ɗorar da shi a kan maganinsa.