Faifan da ya maƙale a kan gada

Shekarun baya, a farkon shekarun dubu biyu, mahaifiyata ta ɗauko ni daga Kumasi ina 'yar shekara takwas, muka sauka a unguwar Small Heath da ke Birmingham, a wani ɗan flat da ke saman shagon mai sayar da nama. A gida ana kirana mai wayo. Na san baƙaƙen boko, ina kuma jin Turanci daidai gwargwado. Da na shiga aji a Birmingham sai na gane Turancin Kumasi daban, na nan daban. Malama ta yi ta magana, ni dai bakinta kawai nake gani yana motsi.

Abin da na fi tsoro shi ne lokacin karatu. Mu zauna a kan kafet, littafi yana zagayawa, kowa ya karanta shafi guda. Sai na ƙware a tari. Da littafin ya kusa zuwa kaina tari zai sarƙe ni, har malama ta taɓa tambayar mahaifiyata ko ta kai ni wurin GP, wato likitan unguwa.

Asirina ya tonu a taron iyaye da malamai da ake kira parents' evening. Malamar ba muguwa ba ce, a hankali ta yi bayani: idan zango mai zuwa ya ƙare ban fara karatu ba, za a cire ni daga ajin a mayar da ni wani sashe na yara masu buƙatar taimako na musamman. A bas, muna komawa gida, mahaifiyata ta zuba wa taga ido. Ni ce na kasa haƙuri.

"Mma, ni daƙiƙiya ce?"

Ta juyo ta kalle ni. "Kul na ƙara jin wannan kalmar a bakinki."

Da aka yi hutu ta tura ni Manchester wurin ƙanenta, kawuna, mai tuƙin tasi a Old Trafford. Mutum ne mai son gwanjo. Duk Lahadi sai ya je inda Turawa ke buɗe bayan motocinsu suna sayar da tsofaffin kaya, ya dawo da tarkacen da matarsa za ta yi mako tana mita a kai. Cikin tarkacen akwai wata 'yar garmaho mai murfi kamar akwati, da kwali cike da ƙananan faya-fayai. Kowane faifai da ɗan siririn littafinsa mai hotunan wani tsohon fim ɗin katun.

'Ya'yansa, haifaffun Manchester, ko kallon abin ba sa yi. "Dad, that's ancient," in ji babban, wai abin ya tsufa da yawa, ya koma kan wasansa na talabijin.

Kawu ya ɗora allura. Aka ɗan yi ƙaraf-ƙaraf, kiɗa ya tashi, sai wani mutum mai babbar murya ya fara ba da labari. Can sai ƙararrawa ta ce ting.

"Juya shafi," in ji kawu. "Abin da yake faɗa shi ne a rubuce a nan. Sa yatsanki a ƙarƙashi ki bi shi. In ya tsere miki, ki dawo da shi baya. Wannan malamin ba ya gajiya, ba ya kuma yi wa kowa dariya."

Ranar sai da aka ɗaga ni da ƙyar na ci abinci. Da hutu ya ƙare kawu ya ce in tafi da garmahon da kwalin duka. Matarsa har da taya ni ɗaurewa, tana cewa Allah ya raka taki gona. Haka na rungume abata a kan cinya a cikin coach, babbar motar fasinja, tun daga Manchester har Birmingham, na hana direba sa ta cikin kaya.

Daga nan kullum na dawo daga makaranta sai garmaho. Har mai naman da ke ƙasanmu ya haddace kiɗan, in na sauko sai ya tare ni da shi. Wanda na fi so shi ne labarin wani ɗan agwagwa da ambaliya ta raba shi da uwarsa. Amma faifan nan yana da tabo. Daidai inda ɗan agwagwan ya hau gada ya leƙa ruwa, sai allura ta maƙale, mutumin ya yi ta maimaita kalmomi uku kamar mai shaƙuwa. In na tura allurar sai ta zame ta faɗa kiɗan ƙarshe. Sauran 'yan shafuka ke nan, kuma hoton da ke gaba babu komai a cikinsa sai wata ƙatuwar inuwa a kan ruwa. Shaho ne? Abin ya hana ni sukuni.

Na kai wa mahaifiyata. Na san ta iya, don ita ke karanta mana duk takardar da council, hukumar gari, ta aiko.

"Mma, don Allah karanta mini ƙarshen."

Ta cire takalmanta na aiki, ta miƙe ƙafa. Aikin kula da tsofaffi take yi, tsayuwa tun safe. Ta ce, "Idona ya gaji. Ni ma ina so in san abin da ya sami ɗan agwagwan nan. Ke za ki karanta mini."

Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci na kamar rabin awa. Da na ga ba sarki sai Allah, na zauna. Duk kalmar da ta gagare ni sai in koma shafukan baya in nemo 'yar'uwarta, in sa faifan har ya zo wurin in ji yadda mutumin ya faɗe ta, sannan in dawo. Wasu kuma in yi ta haɗa baƙaƙensu da baki har su ba da ma'ana. Na yi kwanaki a haka, layi bayan layi.

Wata Asabar da hantsi mahaifiyata tana kicin tana dafa wake da shinkafa, na shigo da gudu.

"Mma, ba shaho ba ne! Uwarsa ce! Fikafikanta ne!"

Ta ajiye ludayi. "Karanta in ji."

Na karanta daga gadar har ƙarshe, ina tuntuɓe ina tashi. Ban ɗago kai ba sai da na gama. Na tarar ta rufe baki da gefen mayafinta, miya kuwa tana can tana kamu. Ranar da ƙauri muka ci abinci, ba wanda ya yi ƙorafi.

Da littafi ya zagayo kaina a aji, ban yi tari ba. Na buɗe baki, sai ga muryar mutumin faifai ta fito, da kaurinta da jan kalmominta, daga bakin 'yar ƙanƙanuwar yarinya. Na kai ƙarshen shafi, na tsaya cak. Ina jiran ƙararrawa. Wani yaro ya ce wa malama wai na maƙale: "Miss, she's stuck." Da na ga ba ta da niyyar kaɗawa, sai na ce "Ting!" da kaina, na juya shafi na ci gaba.

Dariyar da aka yi har malamar ajin kusa ta leƙo. Malamarmu tana share hawaye ta fara tafi, yaran suka bi ta. Maganar canza mini aji ba a ƙara tayar da ita ba. Sunan Ting kuwa ya bi ni har sakandare, ban taɓa jin haushinsa ba.

Garmahon ta ɓace mana wajen ƙaura, kuma har yau ban kalli fim ɗin ba, ko da yake yana nan a waya. Wanda ke cikin kaina ya ishe ni. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, wani lokaci alherin da ya fi canza maka rayuwa, wanda ya yi maka shi bai ma san ya yi ba. Ranar da na gama jami'a na kira kawu, lokacin ya koma Kumasi da zama, na yi masa dogon jawabin godiya. Ya saurare ni har na kai aya.

Sannan ya ce, "Masha Allah, 'yata, Allah ya yi albarka. Amma wai wane faifai?"