Ranar da Manjo Tauraro Ya Buɗe Hannu

Assunta Lo Presti ba ita ta haifi Manjo Tauraro ba, amma ita ta raine shi. Wasu samari ne suka ƙirƙiro shi a wani ɗaki mai warin taba a Manhattan, ana gab da shiga yaƙin duniya na biyu. Ƙato ne mai haɓa kamar tubali, an ɗinka masa riga da tutar ƙasa, ya ɗora ɗan kamfai a kan wando, babu wanda ya ce masa kanzil. Aikinsa ɗaya ne: duk wata ya fito a mujallar zane ya naushi maƙiyan Amurka. Yara na rububinsa, sojoji na naɗe shi a aljihu.

Da aka kwashe mazan kamfanin mujallar zuwa fagen daga, sai aka tuna ashe mata ma suna da yatsu. Haka Assunta, 'yar wani ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Red Hook, ta samu tebur da buroshi da kwalbar tawada. Da maza suka dawo suka karɓe teburansu, ita kaɗai ta ƙi tashi. Teburin nan kuwa, ko coci ba ta so kamarsa.

Yaƙi ya ƙare, Manjo ya rasa wanda zai nausa. Aka ba shi kare, aka ba shi budurwa, aka tura shi duniyar wata, kasuwa dai ta ƙi. Sai a 1954 aka kawo sabon edita, Mista Pruitt, wanda ya gano cewa ba sai an tsallaka teku ake samun maƙiyi ba. 'Yan dako na yajin aiki, don haka 'yan gurguzu ne, don haka Manjo zai lallasa su.

Hershel Blau, mai zanen fensir, ya turo mata shafin yana kallon takalminsa. Ga Manjo ya dunƙule hannu ya nufi bakin wani dattijo mai hula da ƙugiyar dako a kafaɗa. Mai rubutu har ya riga ya saka maganar Manjo a saman kansa: “Ungo wannan, ka cancanta!”

“Hershi, wannan ba babana ba ne?”

“Haba 'yar uwa, duk 'yan dako kamarsu ɗaya.”

“Har da kunnen da igiya ta yage? Ka ci taliyarmu ranar Lahadi, ka ƙara, ashe kunnen tsoho kake karanta!”

“To, ya zan yi? Abin da aka ce na zana. Ina da 'ya'ya, Assunta.”

“Ni kuma ina da uba.”

To, a wannan sana'a mai fensir shi ke zane, mai tawada ya bi layinsa, in ta bushe a sa magogi a share fensirin tas. Layin da tawada ba ta bi ba, kamar ba a taɓa yinsa ba. Assunta ta bi Manjo tun daga kwalkwali har takalmi, ba ta ha'ince shi ko tauraro ɗaya ba. Da ta zo kan dunƙulen hannun, sai ta buɗe yatsun, ta ɗora masa zungureren burodi mai nama har yana leƙowa. Ta sa magogi, ta hure.

Pruitt ba ya duba komai in ba bangon mujalla ba. Sai da ƙunshin mujallu ya dawo daga maɗaba'a ya ga jarumin ƙasa yana miƙa wa ɗan yajin aiki abinci yana cewa ya cancanta.

“Lo Presti! Wane ɗan iska ne ya yi wannan?”

“'Yar iska dai, maigida. Ga ta.”

“Ina naushin?”

“Ko harafi ban taɓa ba. Ya ce ungo, ya kuma bayar.”

“Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ki ce kuskure ne, ki zana naushin a fitowa ta gaba, in manta da maganar.”

Ta dubi teburinta. Ta san babu wani kamfani a birnin da zai ɗauki macen da aka kora kan 'yan gurguzu.

“Tutar da ke ƙirjin Manjo, babana ya rantse mata da hannu a sama ranar da ya zama ɗan ƙasa, yana kuka kamar jariri. Manjon da na sani ba ya dukan mai jin yunwa. In naka yana yi, nemo masa wata uwar.”

“Kin kori kanki!”

“A'a, kai ka kore ni. Kar ka bar min wannan aikin ma.”

Ta zare buroshinta daga gwangwani, don nata ne, ta soke a gashi. Hershel ya miƙe zai yi magana, ta ce ya zauna kar kunnensa ya yage.

Sauran rayuwarta ta yi ta ne a bakin ruwa, tana rubuta wa kwale-kwalen masunta sunaye. Ba ta sake zana fuskar mutum ba. Duk wanda ya ce mata ta yi asara, sai ta ce ya kawo jirginsa ta rubuta masa Mai Shisshigi, kyauta.