Matakin da Malama Nasiha Ta Tsallake

Da an idar da sallar asuba Malama Nasiha take buɗe kwamfuta a kan tabarma, kafin caji ya ƙare, kafin ta tafi koyar da lissafi a wata sakandare a Angwan Iya. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana koyarwa. Uku daga ciki ta haɗa da karatun digiri na biyu, kuma ya ishe ta.

Aikinta shi ne ta ɗauki wata hujjar lissafi da malaminta, Dakta Nelson, ya wallafa tuntuni, ta sa manhajar tantance hujja ta bi ta daki-daki. Manhajar ba ta jin "ai a bayyane yake". Sai ka ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya: raba wannan gida biyu, sauya wancan da daidansa, kawo abin da muka tabbatar a sama. In ka kauce, ta ja jan layi ta yi shiru.

Mataki arba'in da ɗaya sun wuce. Na arba'in da biyu ya ƙi, wata biyu cur. Akwai umarnin da ke sa manhajar ta ɗauka an tabbatar, a wuce, shi ta ɗora a wurin. Ranar Juma'a za a rufe karɓar kundin digiri, wanda bai miƙa ba sai baɗi.

"Bar shi haka mana, Malama," in ji Dakta. "Wa zai leƙa layi na ɗari tara? Na rubuta abin nan kina 'yar sakandare."

"Manhajar ta leƙa, Dakta."

"Ita ce za ta sa miki hannu?"

Ranar Laraba ta ajiye kwamfutar, ta gwada matakin da biro, lamba bayan lamba. A kan sifiri ya rushe. Shekara ashirin ba wanda ya lura. Ba ta yi murna ba. Ta goge umarnin tsallakewar, ta ƙara sharaɗin cewa lambar ba sifiri ba ce, jan layin ya ɓace. Sakamakon ya ragu, amma ya tsaya da ƙafarsa. Saura sa hannun mutumin da ta gyara wa.

Ganin ƙarshe da aka yi mata a unguwar Tudun Ƙofa ne, ranar Alhamis. Ta tsayar da acaɓa, ta ciro kundin daga leda, ta lanƙwasa gefen shafin da kuskuren yake don kada Dakta ya sa hannu bai gani ba, ta mayar, ta hau sai ofishinsa.