Allon da na ƙwace wa mahaifina

Shekarun baya, mahaifina ne mai rubuta allunan shaguna a Zongonmu. Da buroshi da fenti yake aiki. Haruffansa masu lanƙwasa ne, kowanne riƙe da ɗan'uwansa, mutane har daga unguwar Paspanga suke zuwa. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. A rubuta masa sunan shago a takarda, shi kuma ya ƙawata.

Ni ma karatuna bai yi nisa ba, amma na koyi kwamfuta. Na ajiye tebur a gefen rumfarsa, ina fitar da irin haruffansa cikin minti biyar, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro rubutu. Aiki ya dawo wajena. Shi kuwa hannunsa ya fara rawa, sai ya yi wata biyu ba wanda ya neme shi.

Wata safiya wata tela ta zo daga unguwar Gounghin. Ta wuce ni, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, kai ka rubuta allon uwata. Naka nake so."

Fuskarsa ta washe. Ya jawo gwangwanin fenti yana tambayarta launi. Ni kuma sai na juya harshe zuwa Faransanci don kada ya ji, na ce, "Madam, tsohon ya gaji. Dubi hannunsa. Zai ɓata miki allo."

Ta kalli hannun. Ta dawo teburina.

Mutumin da ya shekara arba'in yana rubuta Faransanci a alluna, cikin garin da ake yinsa a kowace kwana, wai shi nake ɓoye wa magana. Ya mai da murfin gwangwanin, ya wanke buroshinsa ɗaya bayan ɗaya. Da zai tashi ya dafa kafaɗata.

"Ka yi mata mai kyau, ka ji? Uwarta mutuniyar kirki ce."

Bai sake zama a rumfar ba. Kullum ina cewa gobe zan roƙe shi gafara, kunya tana hana ni, har Allah ya karɓi abinsa bayan damina.

Ranar sadakar bakwai mahaifiyata ta kira ni ɗaki. Ta ce ashe Baba ya hau keke har Gounghin don ya ga allon telar nan. Ya dawo yana haki, ya ce mata, "Yaron nan ya iya. Wutsiyar harafin farko ce ta yi tsawo, ta danne na biyu. Amma kada ki faɗa masa, zai ji ba daɗi."

Yau ina da shago nawa, ana yaba aikina, yabon ba ya shiga raina. Mai tsoho a gida, idan ka yi masa laifi da safe, kada ka bari la'asar ta yi. Na je na duba allon nan da idona. Wutsiyar ta yi tsawo. Allah ya jiƙan Baba.