Ranar da Aka Ƙirga Kawuna

Shekara biyu na yi a Sanet, majalisar da ke yanke hukunci kan duk abin da ya shafi karatu a jami'armu ta Samaru. Har yau in aka ambace ta, ƙamshin soyayyiyar shinkafa da kaza nake fara ji, don rabon abinci shi ne abu ɗaya da na ga ana yi a kan lokaci a zauren nan.

Shiga majalisar iri biyu ce. Duk wanda ya zama farfesa ya zama ɗan majalisa ke nan, ko ya zo ko bai zo ba, ko yana Abuja yana riƙe da muƙami, ko ya tafi hutun bincike ƙasar waje ya manta hanyar gida. Sai kuma mu, 'yan tsirarun da ƙananan malamai ke zaɓa su wakilce su. Mu ne 'yan kujerar baya, kusa da ƙofa, inda fanka ba ta kaiwa. Da aka zaɓe ni, a farkon shekarun dubu biyu, har sabon ɗinki na yi, wai zan shiga cikin masu ilimi.

Telata ce ta yi min ɗinkin. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, shagonta na bayan kasuwar Sabon Gari, kuma da keken ɗinkin nan ta riƙe gida tun da kamfanin da mijinta ke aiki a Chikaji ya rufe. Mama nake ce mata. Babbar 'yarta tana karatu a sashenmu, kuma da na ga zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Samaru na neman kashe ta, sai na ba ta ɗakin baya a gidana na kwatas. Ta makara wajen shiga jami'a, don sai da ta taya uwarta ɗinki ƙannenta suka tasa. Shekarunta sun wuce na bautar ƙasa, aiki kai tsaye take nema.

Ta kuwa samu. Wata makarantar 'yan mata ta mishan a garinsu ta ɗauke ta koyarwa, da sharaɗin ta kawo takardar sakamako kafin a buɗe sabon zango. A nan gizo ya yi saƙa. Wajen haɗa sakamako makinta na darasi ɗaya ya faɗi, sunanta bai fito cikin waɗanda suka gama ba. Sashe ya nemo makin, tsangaya ta sa hannu, abin da ya rage kawai Sanet ta ce "an amince." Da na yi wa Mama bayani, ko ɗago kai daga keke ba ta yi ba.

"Ai kina ciki, Malama," ta ce. "Tunda kina ciki, hankalina ya kwanta."

Zaman farko da batun ya shiga ajanda ya tafi a gyaran rahoton zaman baya. Wani farfesa ya ce an rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba, alhali ya aiko da uzuri, kuma wannan cin mutunci ne. Wani ya ce an sa sunansa ƙarƙashin na wanda ya zama farfesa a bayansa. Daga nan aka shiga gardamar wa zai gabaci wa a jerin gwanon bikin yaye ɗalibai. Manya ne masu furfura, wasunsu littattafansu muka karanta muka zama mutane, amma suka yi ta kumfar baki a kan wa zai taka a gaban wa. Ana raba abinci zaure ya watse, aka ɗage sauran batutuwa zuwa wata mai zuwa. Batun yarinyar yana can ƙasan ajanda, ko kusa ba a kai ba.

Akwai ƙa'idar da suke kira kwaram: sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun hallara hukunci ke halatta. Cikin lissafin har da na Abuja da na ƙasar waje, don haka bayan an ci abinci da wuya adadin ya cika. Kowa ya san haka. Al'adar ita ce ba a ƙirgawa sai wani ya tashi ya nema, kuma ba mai nema sai wanda ke son ya kashe magana. Da mutanen da ba su kai adadin ba na ga an ƙara wa mutane girma, an buɗe sababbin sassa, an amince da tafiye-tafiye, ba wanda ya ce uffan.

Zama na biyu shi ne na ƙarshe kafin a buɗe makarantar. Na bi ofis-ofis ina roƙon mutane su daure su zauna bayan abinci. Na durƙusa wa waɗanda ko gaisuwata ba sa amsawa. Wasu suka ji kunyata suka zauna, kwalin abincinsu a ƙarƙashin kujera, suna duba agogo.

Da la'asar magatakarda ya karanto batun. Shugaban sashenmu ya yi bayani a taƙaice. Shugaban jami'a har ya buɗe baki zai ce an amince, sai wani dattijon farfesa ya ɗaga hannu daga layin gaba. Mutumin nan ya haddace littafin ƙa'idojin majalisa kamar Fatiha, kuma ban taɓa ganin ya yi amfani da shi wajen taimakon kowa ba. Tsakaninsa da shugaban sashenmu akwai tsohuwar gaba a kan wani gida a kwatas. Yarinyar kuwa ko a hanya bai san ta ba.

"Ranka ya daɗe, Ciyaman," ya ce, yana gyara babbar riga, "ina da magana kan ƙa'ida. An shaida min ɗalibar nan a gidan wata 'yar majalisa take kwana. Wanda ke da alaƙa da batu, doka ta ce ya fita sai an gama."

Duk zaure ya juyo baya. Ranar ce aka fara sanin akwai mutane a kujerunmu.

"Malama, haka ne?" shugaban jami'a ya tambaye ni.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma ba ni na ba ta makin ba."

"Duk da haka, a bi ƙa'ida. Ki ɗan ba mu wuri."

Na ɗauki jakata na fita. Ban damu ba sosai, don a ganina maganar minti ɗaya ce. Na tsaya a baranda kusa da tagar da aka bari a buɗe, ina jin komai. Ƙofa na rufuwa dattijon ya sake miƙewa, cikin muryar nan tasa mai sanyi ta masu ladabin ƙarya, ya ce yana roƙon a duba ko kwaram ya cika. Na ji magatakarda yana bin layi yana ƙirga kawuna kamar mai sayen tumaki. Ya gama, ya sake, sannan ya ce saura mutum ɗaya.

Wani daga baya ya ce ai ga ta nan a baranda, a kira ta mana. Dattijon ya ce wanda ya fita saboda alaƙa ba ya shiga lissafi. Aka yi 'yar dariya, irin ta masu jin daɗin an buga wasa da kyau. Shugaban jami'a ya ce an ɗage, Allah ya kai mu wata mai zuwa. Suka fito suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya da kwalayensu a hannu, dattijon har da tsayawa ya ce min, "Sannu Malama, kin ga aikin doka sai haƙuri." Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a lokacin ba, da shi da duk waɗanda suka yi dariyar.

Da kaina na je Sabon Gari na gaya musu. Na tarar Mama ta gama wa 'yarta riga da siket na fara aiki, ruwan toka, an goge an rataye a bakin shago. Na yi bayanin kwaram, na yi bayanin alaƙa, ina jin kaina ina magana kamar su. Mama ta saurara har na gama.

"To ke kina ina lokacin?" ta ce.

"Ina waje, Mama."

Ta ci gaba da taka keke. Makarantar ta jira har aka buɗe zango, sannan ta ɗauki wata.

A makon nan na dawo daga aji na ga yarinyar tana ɗaure katifarta, ga mai acaba yana jira a ƙofar gida. Na ce mata wa ya kore ta. Ta ce ba kowa.

"Anti, in ina nan za su sake fitar da ke," ta ce. "Gara in koma gida, ki samu ki zauna a ciki."

Na zauna a ciki kuwa. A zama na gaba dattijon ya tafi taro Legas, zauren ko rabin na wancan karon bai kai ba. Magatakarda ya karanto batun, shugaban jami'a ya ce an amince, bakinsa cike da kaza. Ba wanda ya ƙirga kowa.