Injin Da Ke Bayan Labule

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma unguwarmu, domin a cikin birni in ka ambaci unguwa da sana'a, ka gama faɗin sunan mutum har da na kakansa. Zan ce masa Yaya kawai, yadda na saba.

Duk wanda ya zo ta'aziyya ya san ciwon ƙoda ne ajalinsa. Gaskiya ne, amma da saura. Yaya ya daɗe yana ɗauke da ƙanjamau, kuma daga shi sai matarsa sai ni muka sani. Yana shan maganinsa bayan sallar asuba ba fashi, har ya yi ƙiba, yana tsokanata wai ni mai lafiyar ne kamar a hure ni in faɗi. Ana nan sai ƙodar ta gaza.

Likita ya ce za a iya riƙe cututtukan biyu tare. Aka sauya masa wasu ƙwayoyin, aka rage wasu, aka ce ranar wankin ƙoda ya bari sai an gama kafin ya sha, kada inji ya wanke maganin tare da dattin jini. Duk wannan Yaya ya bi. Abin da ya gagare shi labule ne. A asibitin da muke zuwa an ware inji guda a lungu, an ja masa labule, ba a ɗora kowa a kai sai masu irin cutarsa. Ba a rubuta komai ba, amma har masu shara sun san ma'anarsa.

Mu kuwa mutanen birni ba ma barin mara lafiya ya je asibiti shi kaɗai. Rububin rakiya ake yi. Shi ya sa muke sulalewa da sassafe, mu taka har Ƙofar Mazugal kafin mu tari adaidaita. Haka muka yi ta lallaɓawa, har wani maƙwabcinmu, Alhajin da suke sahu ɗaya da Yaya a masallaci, shi ma ƙodarsa ta taɓu, aka sa shi rana ɗaya da mu. Rabin unguwa suka biyo shi dubiya, da kwanukan abinci, suka cika baranda. Daga bakin ƙofa Yaya ya hango su, ya ce mu juya.

Na ce, "Yaya, in ba a yi wankin nan ba, ruwa zai taru a jikinka."

Ya ce, "Gara ya taru a jikina da magana ta taru a kan 'ya'yana."

Mun roƙi a sauya mana rana. Inji ɗaya ne, masu jiransa da yawa, bai yiwu ba. Ya koma zuwa sai ran da ya ji Alhaji ba zai je ba. Ƙafa ta kumbura, fuska ta bi, numfashi ya yi wuya, kwanciya ma ta gagare shi. A zaune ya cika.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Likitoci suna ta faɗa cewa ware injin ba dole ba ne, tsaftar da ake yi wa kowa ta isa. An ce ma an cire labulen. Na san Yaya, dariya zai yi ya tambaye ni ko an sauya bakin mutane. 'Ya'yansa sun yi aure, ba wanda ya taɓa goranta musu, Yaya ya samu abin da ya nema. Ni dai har yau ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Abin da ya bar mana ke nan: suna mai kyau, da asirin da bai gama cin mutane ba. Matarsa, wadda ita ma take ɗauke da cutar, ƙafarta ta fara kumbura a watan jiya. Gwaji ya nuna ƙoda ce. Na je na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, na gaya mata an cire labulen.

Ta ce, "Injin fa? Yana nan a lungunsa?"

Na ce labulen kawai na ji an cire.

Ta ce, "To ka bar ni a ɗakina. Abin da ya rufe da ransa, ba ni zan buɗe ba."

Muna haka wata maƙwabciya ta yi sallama. Matar Yaya ta ja zani ta rufe ƙafarta, sannan ta amsa.