Kilishin Hedimasta

Har gobe ranar da na koyar da halayen mutanen cikin labari a Gaya ba ta fita daga raina ba. Lokacin Turawa na nan, ni kuma ƙaramin malami ne a makarantar elementare ta En'e, wato hukumar gargajiya, ina riƙe da aji huɗu. Daga ajin nan ake zaɓar yaran da za su zauna jarrabawar shiga makarantar Midil a Kano, kuma hedimasta kaɗai ke zaɓen. Namu sunansa Malam Sambo, Bafulatani ne dogo, ba a cika ganin haƙoransa ba.

Muna karanta labarin wani attajiri, na tambayi yara halinsa, suka ce mugu ne. Matarsa fa? Ta kirki ce. Iyakarsu ke nan. Na ce musu mai rubuta labari ba ya cewa wane marowaci ne, abin da mutumin ya aikata yake nuna maka, kai ka gane da kanka. Sai na ba su aiki: kowa ya sa ido a kan wani mutum a gari, ya zo ya kwatanta mana shi ba tare da ya kama suna ba. Ban ce ban da manya ba.

Ranar kawo aiki na kira Bukar, yaron da ya fi kowa kai a ajin, wanda aka kawo daga Toranke. Ya miƙe ya gyara murya. Ba wanda ya lura Malam Sambo ya tsaya a bakin taga, yana zagayen duba darasi.

"Akwai wani mutum," in ji Bukar, "duk ranar kasuwa yakan sayi kilishi ya ɓoye a hannun rigarsa. In yana cikin mutane sai ya yi tari, ya kai hannun riga baki. In tarin ya wuce, sai ka ga gemu yana motsi."

Aji ya ɗauka gaba ɗaya: "Hedimasta!"

"Na'am," in ji shi daga taga.

Ya shigo, ya tsaya a kan yaron. "Wa ya sa ka?"

Bukar ya dube ni. Ni kuwa na juya ina goge allon da ba komai a kansa. Yaron bai kama sunana ba.

"Midil dai sai a mafarki," in ji Malam Sambo. "Ɗan gidan wa ne kai?"

"Gidan Malam Modu, ranka ya daɗe."

"Modu? Kai Babarbare ne?"

"E, ranka ya daɗe."

Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. Fulani da Barebari abokan wasa ne. Duk abin da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya ba a fushi, wanda ya yi fushi shi gari zai yi wa dariya. Malam Sambo ya daɗe yana shafa gemu.

"Ashe bawana ne. To, bawa, aikinka bai cika ba. Ranar Juma'a dabino nake sawa."

"Na gani, ranka ya daɗe. Na rage wa Fulani sauran mutunci ne."

Ranar muka fara ganin haƙoran hedimasta. Da aka tashi ya kira ni ofis.

"Malam Ilu, kai ma Babarbare ne?"

"A'a, ranka ya daɗe, Bahaushe ne."

"To kai ba ka da mafita."

Ni na yi ta fitar da yara motsa jiki da sassafe har shekara ta ƙare. Bukar ya zauna jarrabawa, ya tafi Kano.

Ku da kuke riƙe da aji yanzu, ku koyar da halin mutum ta aikinsa, hanya ce mai kyau. Amma ku sani yaran suna gwada darasin a kan duk wanda ke gabansu. Ajin nan duka sun ga lokacin da na juya wa Bukar baya. Sun dai yi mini kara, ba wanda ya taɓa kwatanta ni.